Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: har da ƙashin ƙwauri?

Baban Abba, Tudun Wada: Salamu alaikum. Ɗan yayana mai shekara 15 ya karye a ƙwauri shekaranjiya wajen ƙwallo. An yi hoto, likita ya ce ƙashin ya goce, watakila sai an sa ƙarfe. Hajiyarmu ta ce sam, a kai shi wurin mai ɗori, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙashin yaro kuwa ɗanye ne. Ban iya musu da mahaifiya ba, amma hankalina bai kwanta ba. Karin maganar nan ta hau wannan gurbin kuwa?

Malam na Badarawa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Magabata sun yi ta ne a kan tarbiyya: a gyara halin yaro kafin ya gagara. Amma ko mun ara mata wannan gurbin, a duba ƙarshenta. Iccen da aka tanƙwara yana ɗanye, in ya bushe a tanƙwaren zai zauna. Ni gargaɗi nake ji a cikinta, ba izini ba.

Ɗan Rigasa: Malam, a yi min afuwa. Ni ina ɗan shekara tara na karye, ɗorin gida aka yi min da karare, ga ni nan ina tuƙa babur. Hajiya ba ta yi kuskure ba.

Maman Ilham, ma'aikaciyar jinya: Ƙanina Ɗan Rigasa, shekaru taran da ka faɗa su ne amsar. Hajiya tana da rabin gaskiya: ƙashin ƙaramin yaro yana haɗewa da wuri, kuma in ya ɗan karkace yakan miƙe da kansa yayin da yake girma. To amma ɗan shekara 15 ya kusa gama tsayi. Gurbin da ƙashi ke tsiro daga gare shi, a ƙarƙashin gwiwa da saman idon sawu, yana dab da rufewa. Iccen ya fara bushewa ke nan. Karkacewar da ta rage yanzu, mafi yawa da ita zai rayu. Idan kuma ƙafar ta murɗe ne, yatsu suka kalli gefe, wannan ko a ƙaramin yaro ba ta gyara kanta.

Kuma ba kowace karaya ake wa aiki ba. In ƙashin bai goce sosai ba, ana daidaita shi a naɗe da siminti tun daga cinya har tafin ƙafa, a riƙa maimaita hoto a makonnin farko don kada ya zame. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. In ya ƙi zama, sai a zura siraran ƙarafa masu lanƙwasa cikin ɓargon ƙashin, a kauce wa gurbin tsiro. Wanda ya gama girma akan sa masa ƙarfe ɗaya mai kauri. In ƙashin ya huda fata kuwa, babu jira: wanke ciwon a ɗakin tiyata, maganin kashe ƙwayoyin cuta, allurar tetanus, wani lokaci da ƙarfen da ake kafawa ta waje.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗauri mai tsanani. Ƙwauri na kumbura ƙwarai. In zafi ya yi ta ƙaruwa, magani bai kwantar da shi ba, ko yaro ya yi ihu in an motsa yatsunsa, ko yatsun suka daina jin taɓi, jini ne ba ya isa ga naman. Awanni kaɗan ake da su, ba kwanaki ba.

Ɗan Rigasa: Yaya, na ji bayanin shekaru. Amma kuɗin aikin fa? Shi ke kai mutane wurin mai ɗori, ba karin magana ba.

Maman Ilham: Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Su tambayi likitan ƙeƙe-da-ƙeƙe ko siminti zai wadatar. In suna son jin ta bakin wani, ga asibitin Barau Dikko a Kaduna, ga na Shika a Zariya, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Baban Abba: Na gode. Gobe zan tafi da Hajiya asibitin ta ga hoton da idonta. Malam, fassararka zan faɗa mata, amma zan ce daga bakinka ta fito.