Tsiro a tafin ƙafa mai yawan jini: me ake nufi da poroma?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Don Allah likitoci, idan tsiro ja kamar ƙwayar gyaɗa ya fito wa dattijo a tafin ƙafa, da ya taka sai jini, aka ce wataƙila poroma ne, me ke nan? Dole sai an yanka?

Likitar fata:
Wa alaikumus salam, malam. Poroma ƙari ne da ke tasowa daga bututun da gumi ke bi ya fito saman fata, shi ya sa ya fi fitowa a tafin ƙafa da na hannu, inda hanyoyin gumi suka fi yawa. Tun 1956 likitan fata Hermann Pinkus da abokan aikinsa suka bayyana shi. Ba ciwon daji ba ne. Yawanci guda ɗaya ne, bai cika wuce santimita 2 ba, kuma ya fi kama waɗanda suka haura 40.

Matsalar ita ce ido ba ya raba gardama. A baƙar fata yakan yi duhu, ya yi kama da melanoma, dajin fatan da a wajenmu tafin ƙafa ya fi kamawa. Poroma da ya daɗe kuma, jefi-jefi, yakan rikiɗe ya zama daji. Saurin girma, gyambo ko sabon ciwo, kada a jira.

Likitan fiɗa:
A yanka, kuma a cire shi ɗungurungum. Ana yin allurar lidocaine a kashe wajen, a yanke shi har ƙasan fata da ɗan gefen lafiyayye, a ɗinke. Zaren tafin ƙafa yakan kai mako 2, kuma a rage takawa, in ba haka ba ɗinkin ya ɓalle. Mai ciwon suga a auna shi tukuna. Aske saman da reza ko ƙona shi da magani, saiwar tana nan, zai iya dawowa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ƙari a kan bayanin likita: naman da aka ciro kada a jefar, a kawo mana ɗakin gwaji mu duba. A saka shi nan take cikin ruwan adana nama, wato fomalin, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau 10. Wanda aka naɗo a auduga ko aka zuba wa ruwan gishiri ruɓewa yake yi, ba ma iya karanta komai. A rubuta shekarun mara lafiya, inda aka ciro, da tsawon lokacin da tsiron ya yi.