Injin waje na kilim (na'urar sanyaya ɗaki): ina kuka ɗora naku, me kuka gani?

Mai tambaya, Yelwa, Garwa

Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga suka sa. Na sayi sifilit, wato kilim mai inji biyu na ciki da na waje, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi saboda ɗakin Inna, tsufa ya kama ta ga hawan jini, zafin watan uku da na huɗu a Garwa kuwa kowa ya sani, bara ko barci ba ta iya yi sai dai a yi ta jiƙa mata zane. Mai sawa ya zo ya duba ya ce a ɗora injin waje a bangon yamma don nan tiyo zai fi gajarta, ni kuma hankalina bai kwanta ba tunda daga azahar har magariba rana ce ke dukan bangon nan. Ɗaya wurin lungu ne tsakaninmu da katangar maƙwabci, akwai inuwa amma matsattse ne. Wanne zan zaɓa?

Ɗan kasuwa, Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Lungun nan kam kar ka soma. Ni abin da na yi kenan, ina ganin inuwa ita ce komai, muka cusa shi a wurin da ko mutum sai ya karkace yake wucewa. Da dare lafiya lau, amma da rana ta take sai ka ji ya tsaya, fanka na juyawa a ɗaki babu sanyi. Sau biyu aka ƙara min gas a banza. Daga baya wani ya tsaya a lungun ya ce Alhaji zo ka ji, wlh kamar bakin tanda, iskar zafin da injin ya fitar tana dukan katanga ta dawo masa ya sake shaƙa. Muka ciro shi muka maida gefen tsakar gida, tun daga nan bai sake yi ba.

Mai gyaran kilim da firji, Garwa

Toh wannan sana'ata ce bari na ɗan tsawaita. Alhaji na Marwa ya faɗi gaskiya, injin waje aikinsa zubar da zafin da aka kwaso daga ɗaki, in bai samu sarari ba kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas a cikinsa, za ta yi zafi ta kashe kanta. A bar masa kamar santimita 30 ta baya, gabansa kuma a buɗe yake, mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba katanga ba tulin kaya. Tsakanin rana da matsi gara rana, ita ana iya yi mata rumfar kwano daga sama, a ɗaga ta sosai kar a rufe gefe. Amma malam ba ka da bangon arewa ko gabas? Ƙarin tiyo mita biyu ko uku ba wani abu bane. Gas ɗin da ke zuwa cikin injin yawanci na tiyo mita 5 ne, in an wuce sai a ƙara da sikeli, yawan giram ɗin yana rubuce a takardar injin, ba da ka ake yi ba.

Abin da ya fi damuna kuma ba wurin bane, vid ne, wato zuƙe iska daga cikin tiyo kafin a buɗe gas. Yara da yawa yanzu sai su ɗaure tiyo su ɗan buɗe gas ya yi fuu su ce ai sun kore iska, shikenan su karɓi kuɗi. Wannan a zamanin tsohon gas R22 ne aka saba da shi kuma ko a lokacin ba daidai bane. Injinan yanzu gas ɗinsu R410A ne ko R32, man kwamfuresarsu yana shan laima, in iska da danshi suka zauna cikin tiyo a hankali za su ci kwamfuresa, ba ranar za ka gani ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyu mai gida ya ce an sayar masa da jabu alhali hannun mai sawa ne. Ka tsaya a kansa ka ga ya jona famfon zuƙe iska ya bar shi ya yi aƙalla minti 15 zuwa 20, ya kashe ya jira allurar agogon awo ba ta motsa ba, sannan ya buɗe gas. In ya ce ba shi da famfon ka sallame shi cikin mutunci ka nemi wani. Sannan ka duba jikin kwalin ko an rubuta T3, shi aka yi wa ƙasashe masu zafi irin namu, T1 da an wuce digiri 43 yake fara gazawa.

Uwargida, Kusiri

Ni nawa darasin na ruwa ne. Mun ajiye namu a ƙasa kan bulo biyu, ambaliyar 2022 da kogin Logone ya cika ruwa ya shigo mana gida ya kai rabin injin, laka ta cika shi, gyaran ya kusa kuɗin sabo. Yanzu yana sama kan ƙarfe, ya fi tsayin mutum. Ku mutanen Garwa da ke kusa da Binuwai ku ma ku kula. Kuma mai walda ya yi mana keji da kwaɗo saboda masu yanke tiyon tagulla da dare, amma na sanduna ne masu faɗi, iska na wucewa.

Malamin makaranta, Baladji, Ngaundere

Namu daban ne kaɗan, mai juyawa ne, yana sanyi yana kuma ɗumama ɗaki, don nan kan tudu muke, asubar hunturu sanyi na shiga ƙashi kuma yarona na fama da asma ba ma son garwashi a ɗaki. Abin da ba wanda ya faɗa min, in ka sa shi ɗumi ruwan ba daga na ciki yake fita ba, daga injin waje yake ɗiga. An ɗora shi daidai saman ƙofar kicin, kullum da safe dandamali a jiƙe, har maiɗakina ta zame ta bugu a gwiwa. Ashe akwai ɗan bakin roba a cikin kwali da ake maƙalawa a ƙasan injin a jona masa tiyo, mai sawa ya jefar da shi tare da leda.

Wani daga Njamena

Ƙadangare! Ku toshe ramin da waya ke shiga. Nawa inbata ne, irin mai kart wato allon lantarki a ciki, ɗaya ya shige ya kwanta kan kart ɗin ya ƙone shi, sai da na jira wata guda kafin a samo wani. Kuma ku sa regilata mai daidaita wuta da dizantar mai katse wuta nashi shi kaɗai, in wuta ta ɗauke ta dawo a ba shi minti uku kafin a kunna.

Ɗan kasuwa, Domayo, Marwa

Na manta ɗazu, bangon na bulo ne ko na ƙasa? In na ƙasa ne da aka shafe da siminti kar a rataya, nauyi da girgiza za su zare ƙusoshin, gara a zuba masa dakali. Kuma a sa roba ƙarƙashin ƙafafun, in ba haka ba ƙugin zai bi bango har kan gadon Inna. Bayan hunturu kuma a wanke bayansa da ruwa a hankali, ƙura na toshe shi kamar an liƙa bargo.

Mai tambaya, Yelwa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bangon na bulo ne. Yau da safe muka auna, bangon arewa zai ci tiyo mita 7, gabansa tsakar gida ne fili, can za mu sa. Na tambayi mai sawa maganar famfo ya ce zai aro wurin maigidansa ranar Asabar, na ce to sai Asabar ɗin. Kwalin kuma T3 ne alhamdulillah. Saura abu ɗaya malam mai gyara, a kwance aka kawo min injin a bayan mashin kuma haka ya kwana biyu a zaure, ɗazu na miƙar da shi tsaye, zuwa Asabar man ya isa ya koma wurinsa ko sai na ƙara jira?