Sojan ruwa ɓangaren sadarwa, ko in riƙe allina?

Ɗan Maigatari: Salamu alaikum. Ina da NCE a Faransanci, ina koyarwa a makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni tsakiyar wata. An ce sojan ruwa na buƙatar masu jin yare a ɓangaren sadarwa, tunda Benin da Togo da Kamaru duk Faransanci suke yi. Mutum ke zaɓar ɓangarensa, ko tura shi ake yi? Inna dai ta ce ba da yawunta ba.

Na Ringim: Ka iya iyo dai ko? Ruwan Legas ba kududdufin bayan gari ba ne.

Tsohon Kofur: Ƙanena, a teku Turanci ake yi, ko kiran gaggawa a tasha ta 16 ta rediyon jirgi da shi ne. Faransancinka zai fi amfani a Baga, bakin Tafkin Chadi, wurin hulɗa da sojojin Chadi da Kamaru. Amma sai ka gama horo a Onne, jihar Ribas, tukuna.

Baffan Yara: Ku bar wannan. Ni sa na sayar, na damƙa wa wani ɗan birni naira 450,000, ya rantse sunan ɗana zai fito. Har hotonsa cikin farin kaki ya nuna min. Suna ya fito babu yaron, wayar mutumin a kashe. Damina ta zo ba abin huɗa, sai haya na yi. Yaron yanzu kunyar fita majalisa yake.

Malama Uwani: Allah ya mayar da alheri, Baffa. Ai fom ɗin kyauta ne, 2,000 kawai muka ba mai kafe.

Na Ringim: 2,000 a ina? Mu 6,000 aka caje mu, ban da hoto.

Ɗan Gumel: Wai Kofur ba sojan ƙasa ya yi ba? Me ya sani a jirgi?

Tsohon Kofur: Yaro, na zauna da su a Baga lokacin kana wasan langa.

Baffan Yara: Shi ma wancan haka ya ce min, ya zauna da su.

Ɗan Maigatari: Don Allah maganar zaɓar ɓangaren fa?

Malama Uwani: Masu kafe ne matsala. Su ce ba sabis, ka kwana a gari, gobe kuɗi ya ƙaru.

Ɗan Gumel: A ƙauyenmu ma sai ka hau tudun makabarta waya ke kamawa. Tun zaɓen 2023 aka yi mana alkawarin eriya.