Ƙofar direba ta ƙi buɗuwa daga waje, ku taimaka da shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman bakanikai da masu gyaran makulli.

Ina da tsohuwar Peugeot 504, haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina. Tun shigowar hunturu ƙofar direba take ba ni wahala. In na zura makulli yana shiga har ƙarshe, yana ɗan juyawa sannan ya cije. Daga ciki kuwa lafiya lau take buɗuwa. Yanzu kullum ta ɓangaren fasinja nake shiga in tsallaka giya da babbar riga, yaran unguwa na kallo.

Ranar Asabar na kwance marfin cikin ƙofar da sukudireba. Na tarar da tsohon giris ya haɗu da ƙura ya daskare kamar ƙuli-ƙuli. Na wanke da kananzir, na shafa sabo. Ta yi ɗan sauƙi kwana biyu, ta koma gidan jiya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne siririn ƙarfen nan da ke haɗa ramin makulli da abin kullewa: yana lilo, kuma 'yar robar da ke riƙe bakinsa ta tsage.

Shin wannan robar kaɗai za ta iya sa makulli ya cije, ko haƙoran cikin ramin ne suka cinye? Makullin kansa ya sha jiki, ya yi sulɓi. In ɗaure ƙarfen da waya, ko in nufi kasuwar Panteka in nemo wani? Kuma in na canza ramin, dole in riƙa yawo da makulli biyu ke nan?

Allah ya saka da alheri.