A taimaka da gaggawa: me za mu kira major scale da chord da Hausa?

Malamar Kiɗa:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah a agaza min. Ina koyar da kiɗa a ƙaramar sakandare aji biyu, ranar Alhamis ɗin nan zan shiga darasin major scale da chord kuma masu duba malamai za su zauna a bayan aji. Yaran sun haura sittin, rabinsu in na saki turanci sai su zuba min ido kamar na ci bashinsu, dole sai na juya da Hausa. Fiyano ɗaya gare mu mai batir, shi ma maɓalli biyu sun mutu. Jiya da daddare na saka kalmomin a injin fassara na waya, scale ya ce min sikeli, chord kuma wai igiya, wato in shiga aji in ce yara yau hatsi za mu auna mu ɗaure akuya. Abin da nake so su gane shi ne do re mi fa so la ti do, bakwai ne, na takwas na farkon ne ya dawo a sama, sannan in ka danna do da mi da so lokaci guda ka yi chord. Kalma uku nake nema: major, scale da chord. Kar a ce in jira kwamiti, yau Litinin.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Malama. Tsani. Asalin kalmar ma a Latin tsani take nufi, Larabawa kuma sullam suke cewa, shi ma tsanin ne, to mu me zai sa mu wahala. Mu nan a lakwal, wato makaranta, mushenmu, malaminmu kenan, da Faransanci gam yake ce mana da akor, har muka gama ba wanda ya san ma'anarsu.

Ɗan Fagge:
Anti kar ki wahalar da kanki wlh, shekarata tara ina buga fiyano a situdiyo kod muke cewa, mawaƙi ya shigo ya rera ka nemo masa ki (key), wato inda muryarsa ta zauna, ka ɗora kod shi kenan. Ba wanda ya taɓa tambayata Hausarsa

Malamar Kiɗa:
Ƙanena kai hannunka ya riga ya sani, su yaran kunnensu kawai gare su. Tsani ya shige ni, har na hango yadda zan zana shi a allo, don ba duk matakan ne tazararsu ɗaya ba. Cikakken taki, cikakke, rabi, cikakke, cikakke, cikakke, rabi. Tsakanin mi da fa da tsakanin ti da do sai in matse sandunan, daidai inda farare biyu suke manne babu baƙi a tsakaninsu. Tsanin sauti kenan ko?

Tsohon Malami:
Malama sannu da ƙoƙari. Tsani na yarda, sauti ne ban yarda ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa, yaran nan naki in sun shiga darasin Hausa za a ce musu karin sauti, sautin sama, sautin ƙasa, faɗau, kin ga kin haɗa musu zare biyu a allura ɗaya. Amo muke da shi, amon ganga, amon kalangu. Tsanin amo. Shi kuwa chord ku saurara da kyau domin na kwana da shi: MURHU. Duwatsu uku, tukunya ɗaya. Do, mi, so, waƙa ta zauna a kai kamar tukunya, zare dutse ɗaya ka ga miya a ƙasa. Duk yaron da ya taɓa hura wuta ba sai an yi masa bayani ba.

Uwar Biyu:
Kai Baba wannan ta yi daɗi!! Amma yaran birni yanzu gas suka sani da risho hhh

Ɗan Fagge:
Baba da girmanka amma kod ba lallai uku ba ne fa, akwai mai huɗu, ka danna so ti re fa tare, kullum muna amfani da shi in za a koma gida, wato do mi so. Murhu mai dutse huɗu a ina

Tsohon Malami:
A gidan biki. In tukunya ta girma ana ƙara dutse. Murhun biki.

Mai Ba Da Waƙa:
Gaisuwa daga Jos. Malama mu a ƙungiyar mawaƙa ta coci mun daɗe da wannan matsalar, da Hausa muke waƙa kuma da do re mi muke koyo tun zamanin kakanni, ana rubuta d r m f s l t a allo kowa ya bi layinsa. Abin da muke cewa haɗin murya, domin mu ba maɓalli muke dannawa ba, mata masu siririyar murya su riƙe so, wasu su riƙe mi, maza masu kauri su riƙe do. Shawarata tunda fiyanonki ɗaya ne ki raba ajin gida uku ki ba kowane layi nasa su ja shi tare, daga nan ki matsar da su fa la do, sai so ti re, su dawo do mi so. Ukun nan kaɗai sun isa raka waƙoƙi masu ɗimbin yawa. Ranar farko za su yi ta zamewa suna bin layin da ya fi ƙarfi, kar ki damu, ki sa masu do su toshe kunne ɗaya.

Tsohon Malami:
Haɗin murya bayani ne ba suna ba, kuma fiyano ba shi da murya. Sannan tunda an taɓo shi, shi kansa do re mi ɗin me ya hana mu sauya? Ɗa bi u hu bi shi ba, daga ɗaya zuwa bakwai. Sai yaushe za mu daina aro?

Mai Ba Da Waƙa:
Ranka ya daɗe bi ta fito sau biyu, biyu da biyar, yaro zai rera wanne? Kuma do re mi ba na Ingilishi ba ne balle mu ji haushi, wani malamin coci ne a Italiya, Guido na Arezzo, ya tsaro shi wajen shekara dubu da ta wuce daga gaɓoɓin farko na wata waƙar Latin, da ut ma ake farawa kafin a mayar da shi do. Turawan Ingila su ma aro suka yi suka gyara a ƙarni na 19, 'yan mishan suka kawo mana. Yarbawa har karin harshensu suke koyarwa da do re mi ba su ce an ci musu mutunci ba.

Tsohon Malami:
To ai ka faɗa da bakinka, 'yan mishan. Hausar coci daban, daidaitacciyar Hausa daban, mu a aji muke magana.

Mai Ba Da Waƙa:
Baba wannan maganar ba ta yi ba. Da Hausa aka yi min suna, da ita na binne mahaifina, kowace Lahadi mutum ɗari uku suna rera ta da murya huɗu a gabana. In ana neman wanda ya taɓa sa Hausa ta ɗauki chord a aikace to mu ne, ba ƙamus ba.

Basakkwace:
Daɗa ga irinta nan. Kullum daidaitacciya daidaitacciya, wa ad daidaita ta? Kananci ne aka sa ma riga. Mu da muka ba duniya Narambaɗa da Ɗan Anace ba a tambaye mu ba sai a zamna Kano a yanke

Ɗan Fagge:
Narambaɗa ai na Isa ne ko, to mu kuma me ya kawo Kano cikin maganar nan, ni kod na ce

Uwar Biyu:
Don Allah ku bari, baiwar Allah nan Alhamis take da aji. Ni abin da ya tsaya min ma daban ne, kakana goge yake yi, tsirkiya ɗaya, kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya, algaita amo ɗaya take fitarwa a lokaci, 'yan amshi kuma in sun karɓa duk layi ɗaya suke bi ba wanda ya hau sama wani ya yi ƙasa. Shi ya sa ba mu da kalmar, abin ne ba ma yi, ba wai Hausa ta gaza ba. Kuma yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan amo biyar suke yawo, fa da ti ɗin nan baƙi ne a kunnen yaran, ina ganin nan za ki sha wuya Malama ba wajen suna ba.

Malamar Kiɗa:
Yaya kamar kina ajin wlh. Satin jiya na gwada, daga mi sai su yi tsalle su dira so, fa ɗin kamar rami suke tsallakewa, wata yarinya a layin gaba har ta ce min Malama wannan maɓallin ya lalace ne. Na yi niyyar in zana tsanin a ƙasa da alli su taka da ƙafa, dogon taki dogon taki gajere, ko jiki ya koya wa kunne. Amma jama'a har yanzu ba wanda ya taɓa major.

Ɗan Damagaram:
Major babban tsani, takwaransa minor kuma ƙaramin tsani mana, haka Faransanci ma ya yi.

Malamar Kiɗa:
Na yi tunaninsa, matsalar in na ce ƙarami za su ɗauka matakansa ba su kai bakwai ba, alhali duka bakwai bakwai ne. Girman a mataki na uku yake, daga do zuwa mi rabin taki huɗu ne, a minor kuwa daga tushe zuwa na uku rabi uku. Dutsen tsakiya ne kawai yake sauka kaɗan, in ari maganar Baba.

Tsohon Malami:
Alhamdu lillahi, kun gani ko? Ba ta ankara ba ta yi bayani da murhu. Kalma mai rai kenan. Miƙaƙƙen murhu da karkataccen murhu.

Ɗan Fagge:
To a bar su manjo da maina kawai, ɗaya soja ɗaya ɗan sarki, yara ba za su taɓa mantawa ba hhhh

Uwar Biyu:
Allah ya shirye ka. Ni na ji ana cewa ɗaya na farin ciki ɗaya na baƙin ciki, me zai hana tsanin fara'a da tsanin jimami

Mai Ba Da Waƙa:
Kar ki koya musu haka 'yar'uwa, muna da waƙoƙin jana'iza a major da suke sa dattawa kuka, kuma akwai na rawa a minor. Jamusawa dur da moll suke cewa, mai tauri da mai taushi, wannan ya fi kusa da abin da kunne yake ji. Karkatacce kuwa ban so shi ba, kamar an ce kuskure ne. Baba har yanzu ina jiran ka janye maganar ɗazu.

Tsohon Malami:
Ban ce ba Hausa ba ce, na ce daban ce. In ta yi zafi a yi haƙuri. Amma haɗin murya dai ba suna ba ne.

Basakkwace:
Wagga ba ban haƙuri ba ce, rabin taki ce

Malamar Kiɗa:
Na gode ƙwarai jama'a, dare ya yi kuma ban rubuta tsarin darasi ba. Ga abin da zan shiga da shi. Scale tsani, ba sauti ba amo, tsani kawai, in an tambaya na me in ce na kiɗa. Cikakken taki da rabin taki. Chord mai uku murhu, kuma zan raba ajin gida uku kamar yadda Malam na Jos ya ce, in suna rerawa da baki in ce haɗin murya, a allo kuma dole in rubuta na turancin a gefe don shi za su gani a jarrabawa. Do re mi yana nan inda yake. Major zan ce babban tsani ranar Alhamis ba don ya gamsar da ni ba, minor sai zango mai zuwa, kafin nan ko Allah ya kawo wata.

Tsohon Malami:
Tsani kawai ba tare da amo ba gurguwar fassara ce, amma ajinki ne. A dai rubuta murhu da kyau, kar in ji an ce murfu.

Basakkwace:
Murhu dai namu na, ku ka cewa murfu ku dawo ku gyara muna

Ɗan Fagge:
Anti maɓallan da suka mutu wanne da wanne? In maɓallin fa (F) na ciki ki fara daga G, wato maɓallin so, baƙi ɗaya kawai za ki taɓa a mataki na bakwai, F ɗin fari ba ruwanki da shi

Malamar Kiɗa:
Mi ne da la na tsakiya. Dutsen tsakiyar murhun farko da na biyu kenan. Wa yake da fiyanon aro a Zariya zuwa Laraba da yamma?