Wai mace za ta iya buɗe kamfanin zanen gine-gine ta ci abinci da shi a nan?

Maman_Hibba:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ƙanwata ta gama sakandare ta kafe ita sai zanen gine-gine za ta karanta, Baba kuma ya ce sam aikin maza ne, yawo a rana da ƙura da cacar baki da leburori, kuma wai a garinmu wa ma yake neman akitek, wato mai zanen gini, mutum magini zai kira ya ja masa layi a ƙasa a fara tona. Ita kuma kullum zancenta wata akitek Mariam Issoufou ta Nijar. Wanda ya san matar nan ko ya san harkar ya taimaka min da gaskiyar lamari kafin in sa baki wajen Baba.

Dan_Tawa:
Wa alaikis salam Hajiya. Ai ƙanwarki ta zaɓi wadda ta dace. Matar nan fa ba da gini ta fara ba, kwamfuta ta karanta a Amurka har digiri na biyu, ta yi shekaru tana aiki ana biyanta da kyau, sannan ta ajiye ta koma makaranta a jami'ar Washington ta gama a 2013, a 2014 ta buɗe biro nata a Yamai mai suna atelier masōmī. Ni aikinta na Dandaji nan jihar Tawa na gani da idona. Tsohon masallacin garin na ƙasa ne, Falke Barmu ya tsara shi, wanda masallacinsa na Yama ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, ya fara lalacewa har ana batun rushe shi. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran suka gyara shi ya koma ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa wanda ake matsewa da inji, aka gama a 2018. Wlh da azahar ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka, ba esi ba komai, in ka dafa bangon ma sanyi gare shi. Ga kuma kasuwar garin da ta yi wa rumfuna na ƙarfe zagaye-zagaye masu launi, wani sama wani ƙasa, inuwa ko'ina. Magina na gari suka yi aikin, wannan ne ya fi burge ni.

Akitek_Kano:
Duk abin da malam ya faɗa haka ne, amma Maman Hibba bari in gaya miki ɓangaren da ba a sawa a hoto tunda ni ina ciki. Karatun kansa dogo ne, a Najeriya sai ta yi digirin farko shekara 4, ta ƙara na biyu, ta yi bautar ƙasa, ta yi aiki ƙarƙashin wani, ta ci jarabawa sannan ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, su yi mata rajista. Bayan nan kuma in kin buɗe ofis rabin lokacinki ba zane ba ne, bin bashi ne da neman kwangila da tunanin albashin yara ƙarshen wata. Alhaji zai zo ki kwana kina masa zane, ya karɓa ya kai wa ɗan kwangila ya canza taga ya toshe inda iska za ta shiga, in gidan ya yi zafi kuma sunanki za a kira. Kuma ki ce masa a yi da ƙasa ki ga yadda zai kalle ki, shi a wajensa ginin ƙasa talauci ne, siminti da tayil da gilashi yake so ko da zai kwana da janareta. Duk da haka ina da abokan aiki mata kuma suna riƙe sait, wato wajen da ake gini, fiye da maza da yawa, lebura in ya ga kin san aikinki shiru yake yi.

Abu_Sadiq:
Ni dai kar a ruɗi yarinya. Mariam a waje ta yi karatu, tana koyarwa a jami'ar ETH Zurich a Suwizalan, manyan ayyukanta na yanzu ma kamar cibiyar Ellen Johnson Sirleaf, tsohuwar shugabar Laberiya, a Monrobiya ai ba kuɗin Yamai ba ne. 'Yar talaka da ta gama a nan wa zai ba ta irin wannan?

Dan_Tawa:
Malam Abu ai ba da Monrobiya ta fara ba. Gidaje 6 kacal ne aikin Niamey 2000 da suka gina a Yamai a 2016 ita da abokanta, da ƙasa, don masu matsakaicin ƙarfi, shi da Dandaji suka sa duniya ta waiwayo ta. Ƙauye ne fa Dandaji.

Maman_Hibba:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Akitek_Kano dan Allah ko ofishinku na karɓar yara su zo su ga yadda ake aiki ko na sati biyu ne lokacin hutu? Ina so ta shiga sait ta sha rana tukuna, in ta dawo tana nan kan bakanta ni da kaina zan je wajen Baba.