Taƙaitawar muhawara kan gaskiya da samuwa

An sha ja-in-ja, ga abin da na tsinto:

1. Yawancin masu muhawarar sun bi ma'anar da Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya bayar: gaskiya ita ce ka ce akwai ga abin da ke akwai, ka ce babu ga abin da babu.

2. Masu karatun Ibn Sina sun ce a raba haƙiƙar abu da samuwarsa. Kana iya siffanta doki mai fukafukai tsaf, amma siffantawa ba ta haifar da shi. Nan 'yan koyo ke tuntuɓe.

3. An rabu kan misalin da Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, ya kawo a 1905: "Sarkin Faransa na yanzu mai sanƙo ne." Wasu sun ce ƙarya ce, tunda Faransa ba ta da sarki. Wasu suka ce ba gaskiya ba ce, ba kuma ƙarya ba, domin ba kan da za a duba.